Rigar Tsummoki da 'Ya'yan Bakin Daji

A shekarun 1970 da 1980 wani irin kiɗa na Amurka ya sami karɓuwa ƙwarai a ƙasarmu. Sunansa kantiri, wato kiɗan mutanen ƙauye. Ana jinsa a rediyo, ana sayar da faya-fayensa a kasuwa, direbobi kuma suna sa kaset ɗinsa don ya ɗebe musu kewa a doguwar hanya, irin wadda ta tashi daga Kaduna ta bi ta Birnin Gwari ta nufi Legas. Manya daga cikin masu karatu za su tuna da Jim Reeves da Don Williams. Cikin mata kuwa, da wuya a sami wadda sunanta ya kai na Dolly Parton. A wannan wata za mu duba faifanta guda ɗaya, gama yana da magana ga iyalan da ke zaune a bakin dajin Birnin Gwari.

Wace ce Dolly?

An haife ta ran 19 ga Janairu 1946 a gundumar Sevier ta jihar Tenesi, a gindin manyan duwatsu masu kurmi da ake kira Smoky. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya 12. Gidansu na fari ɗaki ɗaya ne na katako. Ubanta, Robert Lee Parton, manomin taba ne, bai iya karatu da rubutu ba. Ta sha faɗa cewa da buhun garin masara aka biya likitan da ya karɓi haihuwarta. Kakanta na wajen uwa mai wa'azi ne, a majami'arsa kuma ta fara waƙa. Da ta gama sakandare a 1964, kashegari ta kama hanyar Nashbil, birnin mawaƙan kantiri. A 1967 wani mawaƙi mai suna Porter Wagoner ya ɗauke ta cikin shirinsa na talabijin.

Abin da ke cikin faifan

Kamfanin RCA ya fitar da shi a watan Oktoba 1971. Sunansa Coat of Many Colors, wato riga mai launi iri iri. Waƙoƙi 10 ne, dukansu ba su cika rabin sa'a ba. Ita ta tsara 7, Wagoner ya tsara 3. A wasu waƙoƙin jita ta katako ce kaɗai ke gaba, muryarta siririya tana bisa. A wasu kuwa ganga da jita mai lantarki sukan taso da ƙarfi, irin na kiɗan samari da ake kira rok.

Abin da ya ɗaukaka faifan shi ne labaran da ke ciki, kusan duka na cikin gida ne. A Traveling Man, wata yarinya tana satar jiki tana zance da wani ɗan koli mai yawo gari gari, ashe uwarta ma shi take so, har ta gudu da shi. A wata waƙar, matar aure ce ta yi yaji ta koma wurin uwarta saboda wulaƙancin miji. Wata kuma tana yabon iskar asuba a jeji. Ba ta ɓoye cewa a gidan talaka ma akwai ha'inci da hawaye ba. Don haka sa'ad da ta zo yabon uwarta, mai ji yakan gaskata ta.

Rigar

Waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta labarin ƙuruciyarta ne. Sanyi ya matso, ba ta da rigar sanyi. Wani ya kawo musu kyautar tsummoki, ƙananan ƙyallaye masu launi dabam dabam. Uwar, Avie Lee, ta zauna da allura da zare tana harhaɗa su, tana kuma ba ta labarin Yusufu da rigar da ubansa Yakubu ya yi masa. Yarinya ta sa riga ta tafi makaranta da murna. Da isarta yara suka fashe da dariya. Ta yi ƙoƙari ta bayyana musu darajar rigar, amma ba su gane ba. Dolly ta rubuta waƙar a 1969 cikin motar tafiya wasa, a bayan takardar shaidar wankin tufafin Wagoner, don ba ta sami wata takarda ba. Emmylou Harris ta sake rera ta a 1975. A 2012 babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sanar ya sa ta cikin muryoyin da za a adana wa jikoki.

Ku lura da wani abu. Labarin Yusufu sananne ne ga Kirista da Musulmi, yana cikin Littafin Farawa sura 37. Rigarsa ta gata ce, ta jawo masa hassadar 'yan'uwa. Ta Dolly ta tsumma ce, ta jawo mata ba'a. Uwar ba ta da kuɗin da za ta sāke ƙyallen, sai ta sāke sunansa. Ta aika da 'yarta makaranta tana jin kanta 'yar gata.

Ina ruwan Birnin Gwari?

Mutanen ƙasar Birnin Gwari, Hausawa da Gwarawa da Kamukawa da Fulani, su ma 'yan bakin daji ne kamar dangin Dolly. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 aka kuma mai da shi gandun ƙasa a 1999, ya kai murabba'in kilomita 1,100. Amma dajin da dā ake samun itace da zuma da kiwo a cikinsa ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A Mayu 2018 an kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, a kan hanyar Kaduna zuwa Birnin Gwari, sai ran 24 ga watan aka sako 137. A Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu 'yan bindigar, aka sake buɗe kasuwar shanu bayan ta yi shekaru a rufe.

Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar akwati. Iyalai da yawa sun bar gona da rumbu, sun rasa shanu, wasu sun sayar da abin da ya rage don biyan kuɗin fansa. 'Ya'yansu suna shiga aji a garin da ba nasu ba, ko a ƙauyen da suka koma suka tarar kango, da rigar gwanjo ko mai faci, wani ma ya girmi 'yan ajinsa da shekara uku. Yaron da ya tsira daga bindiga, dariyar 'yan aji tana iya korarsa daga makaranta har abada.

Ba yabon talauci ba ne

Mai yiwuwa wani ya ce, ai wannan shafa wa talauci zuma ne. Mu dubi abin da mai waƙar ta yi da ta sami wadata. A 1995, don tunawa da rashin karatun ubanta, ta kafa shirin aika wa kowane yaro na gundumarsu littafi ɗaya kowane wata, daga haihuwa har shekara 5. Shirin ya bazu, a 2023 littattafan suka kai miliyan 200. Da gobarar daji ta cinye gidaje a ƙasarsu a Nuwamba 2016, ta kafa asusun da ya riƙa ba kowane iyalin da ya rasa gida dala 1,000 a wata har wata shida. Wadda ta san zafin tsumma ba ta ce wa kowa ya zauna cikinsa ba.

To, iyaye mata, abin da kuke faɗa wa yaro sa'ad da kuke yi masa faci, shi zai tafi da shi makaranta. Kada ya ji kuna tsine wa rigar. Iyayen da Allah ya hore wa kuwa, ku tambayi 'ya'yanku wa ake yi wa dariya a ajinsu, da kuma ko suna cikin masu yin ta. Malamai, ku tsawata tun ranar fari. Ƙungiyoyin mata da ke da keken ɗinki, kafin hunturu ya kama ku ƙidaya yaran 'yan gudun hijira da ke unguwarku, ku auna su, ku yanka musu yadi.