Shekarunka Ne Ke Zaɓa Maka Mota

 Yau tambaya ce: in aka ce ga kuɗi, je ka ɗauko sabuwar mota dal a leda, wacce za ka nuna?

Saurayi ɗan 25 ba ya dogon tunani. Mercedes C300 baƙa, a je zance a dawo. Bai taɓa tambayar kuɗin fitilarta ɗaya ba. Ni dai Corolla zan ce masa: ba ta shan mai sosai, kowane bakanike ya san cikinta, kayanta kuma ga su nan a Ƙofar Ruwa in a Kano kake.

Da an yi aure yara sun kai huɗu, sai lissafi ya koma kan kujeru. Kai yara makaranta, tafiya gida da Sallah, ga buhun shinkafa a baya. Nan Sienna ke shigowa da kujera bakwai ko takwas. Tun samfurin 2021 duk haibrid ce, wato injin fetur da batir suna aiki tare, man ya daɗe. Tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ba wasa ba ne. Sai dai fa ba kowane bakanike ke iya taɓa batirin nan ba. Nemo mai gyara kafin ka biya kuɗi.

Dattijo kuwa gwiwa ce ke zaɓa masa. Kowa Prado yake masa sha'awa, amma shigarta sai an taka an hau. RAV4 kujerarta kusan daidai ƙugu take, zama kawai zai yi.

Ku fa, wacce za ku ɗauka?