Danya: 'Yar'uwar Mangwaro Da Gatari Ke Cinyewa

Ba kowa ya san cewa danya, wadda ke tsaye a dazuzzukan Katsina da Sakkwato da Maraɗi, danginta ɗaya da mangwaro da kashu ba. Masana ilmin tsirrai sun sa su a gida guda. 'Ya'yanta, watau nunu, sukan faɗo suna kore a lokacin bazara, su nuna a ƙasa har su zama rawaya. Sinadarin bitamin C da ke cikinsu ya ninka na lemon zaƙi.

A kudancin Afirka, inda ake kiranta marula, itaciyar nan dukiya ce. Matan ƙungiyar Eudafano da ke arewacin Namibiya suna fasa ƙwallonta su tatse mai, ana sayar da shi a Turai don yin man shafawa. A shekarar 2015 hukumar UNESCO ta sa bikin marula na Namibiya cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Afirka ta Kudu kuwa ta hana sare ta sai da izni.

A ƙasar Hausa fa? Masassaƙa ne suka fi sanin darajarta, domin itacenta na da daɗin sassaƙa turmi da akushi. Abin takaici, danya tana da namiji da mace, kuma macen ce kaɗai ke 'ya'ya. Manomi yakan ga namijin bai taɓa haihuwa ba, sai ya sa masa gatari. Alhali kuwa daga furensa ƙudan zuma ke ɗaukar garin da ke sa macen ta haihu.