ABINCIN ZANGO: TUKUNYA ƊAYA TA ISA

Duk mai koro shanu daga Damagaram zuwa kasuwar Maigatari ya san in an sauka zango da yamma, ba wanda ke da ƙarfin tuƙa tuwo. Dabarar tana wajen haɗa guzuri tun daga gida: garin rogo, ƙuli-ƙuli, shinkafa, wake, man gyaɗa, yaji, albasa, gishiri da 'yar kanwa.

Mafi sauri shi ne kwaɗon gari. A yayyafa masa ruwa, a zuba dakakken ƙuli, albasa da mai, ko wuta ba a hurawa. In ana son mai zafi, sai garau-garau. Wake ne ke cin itace, saboda haka a jiƙa shi a galan tun da hantsi. Da an sauka a ɗora shi da kanwa kaɗan, in ya fara laushi a zuba shinkafa.

Amma don Allah ruwan tafkin da shanu suka sha, a tafasa shi tukuna, ko na kwaɗo ne. Gudawa a daji tana kwantar da makiyayi, garke ya watse. Kafin barci kuma a binne wutar da ƙasa.

Allah Ya kai mu kasuwa lafiya, amin.