Gayya da Iyakarta: Darasi Daga Farin 1973 a Karkarar Kano

Ƙasar da ke arewa da Birnin Kano, watau wajejen Minjibir da Bichi da Ɗambatta, ƙasa ce mai cunkoson jama'a, inda gona ke manne da gona, kuma da wuya a bar wata ta huta. Manomi a nan ba shi da dajin da zai sara. Madogararsa biyu ce: taki da ɗan'uwa. Saboda haka ne jama'a suka tanadi hanyoyin agaji tun kaka da kakanni. Idan ciwo ya kwantar da magidanci da damina, samari kan yi masa gayya, su nome gonarsa ba tare da lada ba, sai fura da tuwo. Da kaka kuwa ana fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma. Wanda ya rasa iri kan ranta a wurin maƙwabci.

Sai dai dukkan waɗannan sun ginu ne bisa sharaɗi guda, watau masifar ta faɗa wa gida ɗaya, sauran suna tsaye. Farin da aka yi a 1972 da 1973 ya rushe wannan sharaɗi, domin ya game kowa. Gero da dawa suka ƙone, rumbuna suka zama wayam, mai bayar da zakka ya koma mai nema. Mata suka shiga tsinkar tafasa da yaɗiya. Aka sayar da awaki da arha, aka sayi hatsi da tsada.

To, me ya riƙe mutane? Binciken da Michael Mortimore ya yi a Ɗambatta da wasu wurare ya nuna cewa sana'o'in hannu da ci-rani sun taimaka ƙwarai. Magidanta suka bazu Birni da garuruwan kudu, suna sauka wurin 'yan garinsu, suna ƙwadago, suna aiko da abin sayen hatsi. Ashe zumuncin bai mutu ba, nisa ya yi, daidai da faɗar Bahaushe cewa zumunta a ƙafa take.

Darasin a fili yake. Taimakon juna na cikin ƙauye maganin masifar gida ɗaya ne. Amma idan ta game ƙasa, tilas ne hannun agaji ya fito daga inda ruwa ya sauka, ko na dangi, ko na hukuma.