Yadda Taɓawa da Zafi Suke Shafar Gani

Jama'a da yawa suna zaton ido ne kaɗai yake gani. Alhali kuwa aikin ido shi ne ya karɓi haske, ya mai da shi saƙo, ya aika ta jijiyar gani zuwa wani sashe na ƙwaƙwalwa da ke can wajen ƙeya. A nan ne ainihin gani yake aukuwa. Wannan sashe kuwa ba daga ido kaɗai yake samun labari ba.

Mai karatu yana iya tuna cewa idan mutum ya rufe ido ya murza shi cikin duhu, sai ya ga waɗansu ƙyalƙyali da zobba masu launi, ga shi kuwa babu fitila a ɗakin. Dalili shi ne tantanin da ke bayan ƙwayar ido ba ya rarrabe dannawar yatsa da haske. Duk abin da ya motsa shi, saƙo ɗaya yake aikawa, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara shi haske. Haka wanda ya sha mari yakan ce ya ga wuta, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma kada a mai da wannan abin wasa, musamman a lokacin hunturu da ƙura take sa ƙaiƙayi, domin yawan murza ido yana iya lalata gabansa, yana kuma yaɗa ciwon ido daga hannu zuwa hannu.

Babbar shaida dai daga makafi ta fito. A shekarar 1824 wani yaro makaho a Faransa, Louis Braille, ya tsara rubutun ɗige-ɗige shida da ake karantawa da yatsa. A 1996 wani masani ɗan Japan, Norihiro Sadato, da abokan aikinsa a Amurka suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar makafi sa'ad da suke karanta wannan rubutu. Sai suka tarar sashen nan na ƙeya, wanda ake zaton ya zauna banza tun da ido ya mutu, yana aiki sosai. Watau yatsa ya gaji gurbin ido. Daga baya masana a birnin Boston suka ɗaure idanun mutane masu gani har kwana 5, suna koya musu rubutun makafi. Kafin kwanakin su cika, sashen ganinsu ya fara amsa taɓawar yatsa, da aka kwance ƙyallen kuma ya koma yadda yake cikin kwana guda.

Wannan magana ta shafi iyaye kai tsaye. An lura cewa sauyin ya fi ƙarfi ga wanda ya fara amfani da yatsunsa tun yana ƙarami. Yaron da aka riƙe a gida, ko aka ba shi ƙoƙon bara, an hana ƙwaƙwalwarsa wani aiki da take shirye ta yi. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, kuma akwai wata a unguwar Jabi a nan Abuja. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin neman ilmi.

Batun zafi kuwa, a 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhthoff, ya lura cewa waɗansu marasa lafiya da jijiyar ganinsu ta taɓu sukan ga dishi-dishi bayan sun motsa jiki, idan sun huta sai ganin ya dawo. Bayani shi ne jijiyar gani tana da wata riga mai kitse da ke sa saƙo ya yi sauri. Idan ciwo ya ci rigar, ɗan ƙarin ɗumin jiki, ko da rabin digiri ne, ya isa ya tare saƙon a hanya. Zazzaɓi, da wanka da ruwan zafi, da rana irin ta watan Maris a Abuja, duk suna iya jawo haka ga mai wannan larura.

Ko lafiyayye ma, idan ya daɗe a rana bai sha ruwa ba, jijiyoyin jinin fata sukan buɗe don jiki ya huce, jinin da ke hawa kai ya ragu, sai ya ga duhu-duhu idan ya miƙe. Wannan a zaunar da shi a inuwa, a sassauta masa tufafi, a ba shi ruwa. Amma wanda ganinsa yake dushewa duk lokacin da jikinsa ya yi ɗumi, musamman idan ido ɗaya ne, ko yana jin zafi idan ya juya ƙwayar idon, kada ya tsaya ga kwalli ko maganin kasuwa. Ya tafi sashen ido na asibiti mafi kusa, inda za a iya tura shi Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna idan akwai bukata.