Tagwayen saba: ina za a ajiye shaida?

Yau maganata kan tagwayen saba ce: saba biyu, ma'ajiya ɗaya, suna ɗaya da ma'aikata ke buɗe fayil da shi. Kowacce na sauraron siginar 'yar'uwarta, ɗaya ta yi shiru, ɗayar ta karɓi aikin. To idan layin tsakaninsu ne ya yanke fa? Kowacce za ta ce ita ce mai gida. Shi ya sa a Windows Server ake ƙara shaida, ƙuri'a ta uku. Wasu a Azure suke ajiye ta. Ni dai a Ƙanƙara, Faskari ko Sabuwa ba zan yarda ba, don a Satumbar 2021 an katse netwok ɗin waya a can, wata da watanni. Ku ajiye ta cikin ofis, kan kwamfuta daban mai nata batir.