Yadda Ake Bin Sawun Ruwa a Mazubi Mai Juyawa

Samu mazubin gilashi mai siffar gwangwani, ka cika shi da ruwa, ka ɗora a kan faifai mai juyawa. Da farko gilashin ne kaɗai ke zagayawa, ruwan tsakiya yana nan tsaye. Jim kaɗan sai su tafi tare. Me ya faru a tsakani? Ido ba zai gaya maka ba, domin ruwa garai-garai yake, ba a bambanta wannan ɗigo da wancan.

Ka taɓa lura da ƙura a tsinken hasken rana da ya ratso ɗaki? Iskar ba ta ganuwa, amma ƙurar na tona asirin inda ta nufa. Dabarar masu bincike ke nan. Sukan barbaɗa wa ruwan ƙananan ƙwayoyi masu nauyi daidai da nasa, don kada su nutse ko su taso. Sai su yanka mazubin daga sama zuwa ƙasa da hasken leza mai faɗi, siriri ƙwarai. Kyamara ta ɗauki hoto biyu a jere, da sananniyar tazarar lokaci. Kwamfuta ta raba hoton gida-gida, ta nemo inda ƙwayoyin kowane gida suka koma. A raba nisa da lokaci, ga sauri ya fito, har da alƙibla. Da yake bangon a lanƙwashe yake, yana karkatar da haske, akan zaunar da mazubin cikin akwatin gilashi mai kusurwa huɗu cike da ruwa.

To, amma kyamara ɗaya ba ta kama motsin da ke ratsa yankan, wato zagayen kansa. Sai an ƙara ta biyu daga wata kusurwa. Idan tafiyar ruwan iri ɗaya ce ta kowane gefe, yanka guda ya isa a sake gina dukan mazubin a kwamfuta. Akwai kuma doka mai tantance aikin: ruwa ba ya matsuwa, duk abin da ya shiga wani gurbi dole kwatankwacinsa ya fita.

Abin da ke bayyana yana burge ni ƙwarai. Wani siririn shimfiɗin ruwa a gindin mazubin, mai ɗauke da sunan Ekman, masanin teku ɗan Suwidin, shi ke fara kama juyin. Yana watsa ruwa zuwa bango, yana zuƙo na sama ƙasa ya maye gurbinsa, ruwan gefe kuma ya matso tsakiya yana ƙara sauri. Wasu masu bincike biyu, Greenspan da Howard, sun nuna da lissafi a 1963 cewa wannan zuƙowar ce ke sa ruwan ya kamo juyin mazubin tun kafin gogar bango ta kai tsakiya.